Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shamaki da Murfin Kwalekwale

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraro, ga shirinmu na faɗakarwa da ke zuwa muku daga nan Birnin Zariya.

Yau zancen jirgi za mu yi. Na san da jin haka hankalin Bazazzagi zai tafi tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari, inda dogo ya iso fiye da shekara ɗari da suka wuce, ko kuwa makarantar koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa mana tun 1964. To amma kafin Bahaushe ya ga na ƙasa ko na sama, jirgi ɗaya tak ya sani, na ruwa. Shi ne uba, sauran aron sunansa suka yi. Wannan uban da muka manta da shi, shi ne baƙonmu na yau.

Wani zai ce, mu da ke cikin ganuwa, tsakanin Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, ina ruwanmu da kwalekwale? Ai ruwanmu ne kuwa. Ga Galma a gabas da mu, ga Kubanni tana gangarowa ta zuba a cikinta, ga madatsun ruwa kewaye da gari. Masunta na shiga, manoman fadama na tsallakawa da taki da amfanin gona, 'ya'yanmu kuma na tafiya fatauci da karatu har Yawuri da bakin Kwara. Uwa-uba, cikin birni ne kafintoci suke. Hannun da ke haɗa ƙyaure da gado, shi zai iya haɗa abin da zai tsirar da rai a ruwa.

Sassaƙa jirgi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da itace can ƙarƙashin ƙasa. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Duk Afirka ba a gano wanda ya girme shi ba. Tun daga wancan zamani har zuwa Sarkawan Yawuri da masuntan Argungu, gwaninta ba ta yanke ba. Abu ɗaya ne bai sake ba: daga wanda aka sassaƙa da gizago daga gungume ɗaya, har wanda aka haɗa da falankai da ƙusa, duk a buɗe suke kamar akushi. Ruwa ya shiga ta kowane gefe, ya gama jirgin gaba ɗaya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Galma da damina ya ga abin da nake nufi. Mai jirgi na tsaye a baya da sandar tuƙi, yaronsa na tsugune a tsakiya da yankakkiyar jarka, yana kwarfar ruwa yana zubarwa, hannu ba ya hutawa. In ka duba cikin jirgin, ga tsumma an cusa a tsaga, an shafe da kwalta, ga gwangwani an buɗe an kafe da ƙusa a kan huda. Ka tambayi dattijon, "Baba, wannan ruwan fa?" Murmushi zai yi ya ce maka, "Yaro, jirgin da ba ya yoyo ai ba a yi shi ba." Gaskiyarsa, katako ne. Sai dai akwai ranar da ruwan ke fin ƙarfin mai kwarfa.

Irin wannan rana mun gan ta, ba sau ɗaya ba. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 100 ya nutse kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, kaɗan ne suka fita da rai. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, an rasa fiye da mutum 20, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya da za su je Mauludi. A Yunin 2023, a yankin Patigi na jihar Kwara, 'yan biki fiye da 100 suka rasu suna komowa gida. Allah Ya jiƙan su, Ya ba iyalansu haƙuri. Lodi fiye da kima da tafiyar dare da rashin rigar ruwa su ne manyan dalilai, kuma babu dabarar kafinta da za ta maye gurbin hankali. Amma a irin wannan hatsari akwai tambayar da ke raba mai tsira da wanda ba ya tsira: bayan ruwa ya cika jirgin, ya tsaya a sama mutane sun samu abin riƙewa, ko kuwa ya yi ƙasa ya bar su? Amsar wannan tambaya a rumfar kafinta ake yanke ta, tun ran gini tun ran zane.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, dabarar da za mu tattauna Bahaushe ya daɗe da saninta, bai dai sa ta a jirgi ba ne. Wanda ya kalli bikin kamun kifi na Argungu ya ga masunci kwance rub da ciki a kan ƙaton gora, yana yawo a kogin Matan Fada. Me ke riƙe da ƙato a kan ruwa? Iskar da ke cikin goran. Lissafin ba wuya: kowace lita ɗaya ta iska da aka rufe tana ɗaukar nauyin kilo ɗaya a ruwa. Jarka mai lita 25, in babu komai a cikinta kuma murfinta a ɗaure yake, sai an ɗora mata abin da ya kusa kilo 25 kafin ta nutse. Abin da muke so shi ne mu gina wa kwalekwale gora biyu a jikinsa, ɗaya a goshi, ɗaya a baya.

Abu biyu ke yin wannan gora. Na farko shi ne shamaki, wato allon da ake tsayarwa a gicciye cikin jirgi ya raba tsinin da sauran ciki. Na biyu shi ne murfi, allon da ke rufe saman wannan tsini. In sun haɗu, sun ba da ɗakin iska.

Mutanen Sin sun riga kowa wannan. A 1974 an tono wani jirginsu na ƙarni na 13 a gaɓar Quanzhou, aka tarar an rarraba cikinsa ɗaki 13, kamar yadda gaɓoɓi suke raba cikin sandar gora. Ɗaki ɗaya ya huje, sauran na nan a bushe. Darasi na biyu kuma daga Titanic yake, jirgin nan da yawancinmu muka sani ta fim. Ɗakuna 16 gare shi, amma shamakansa ba su kai can sama ba, ba a kuma rufe kansu ruf ba. Da dutsen ƙanƙara ya farke shi a Afrilun 1912, goshinsa ya sunkuya, ruwa ya riƙa cika ɗaki yana tsallakawa na gaba, har mutum fiye da 1,500 suka halaka. A riƙe wannan da kyau: shamaki ba murfi rabin aiki ne.

Shamaki yana da wani amfanin. Yarinyar da ta ɗauko ruwa a daro ta san ruwan da ke tangaɗi ya fi nauyinsa wahalarwa, shi ya sa take jefa ganye ko ƙoƙo a kai. Haka yake a jirgi: ruwan da ya shigo yakan kwarara gefe guda, ya rinjayi jirgin ya kife. Duk abin da ya rage masa filin gudu ya rage hatsari. Ga shi kuma shamaki na ɗaure gefen jirgi biyu, ya hana su buɗewa ko murɗewa.

Irin kwalekwalen da ya fi karɓar wannan aiki shi ne na siraran katako, wanda mutanen Kanada da Amurka ke haɗawa a bayan gidajensu. Ana tsaga katako siri-siri, kauri kwatan inci, faɗi bai cika inci ɗaya ba. Sai a jera su a kan wasu alluna da aka yanka da siffar cikin jirgi, ana manna gefe da gefe, har jiki ya haɗu. A goge da samfefa, a lulluɓe ciki da waje da zanen faiba, a shafe da gam mai haɗi biyu, dangin Araldite ɗin nan da muka sani, wanda ake kira efoksi. Jirgin da ya fito mutum biyu za su saɓa shi a kafaɗa. Mu da manyan itatuwan maɗaci da rimi suka yi mana ƙaranci, wannan hanya ta dace da mu, don ba ta bukatar gungume. Su can suna da nasu itace marar nauyi. Mu kuma a 'yan katako na Sabon Gari sai a nemi marar nauyi irin obece ko malaina don jiki, a ajiye maɗaci don leɓen jirgi da wuraren da ke shan gugar duwatsu. Sharaɗi ɗaya: katakon ya bushe sarai. Ɗanyen katako ba ya riƙe gam, hunturu na zuwa kuma zai motse ya tsage.

(Kiɗa)

Masu sauraro, ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne kan yadda ake yi wa kwalekwale shamaki da murfi. Kafintoci, a matso kusa da rediyo, yanzu aiki ya zo.

Da farko a auna wuri. A ƙaramin kwalekwale na mutum biyu ko uku, a ja baya daga tsini kamar ƙafa biyu, a yi alama, gaba da baya. Ɗakin da zai fito a kowane tsini ya kusa cin jarka guda. Biyun ke nan sun tasam ma nauyin buhun siminti. Kada a raina wannan. Katako da kansa ba ya son nutsewa, ɗan taimako yake nema, mutumin da ke cikin ruwa kuma ba duka nauyinsa yake ɗora wa abin da ya riƙe ba. Amma jirgin fito mai ɗaukar jama'a, balle mai inji a baya, ɗakunansa dole su fi haka girma nesa ba kusa ba, don ƙarfen injin shi ke fara jan baya ƙasa.

Na biyu, kada a taɓa katako tukuna, a nemo kwali. Cikin jirgi ba shi da miƙaƙƙen layi ko ɗaya, kuma dama da hagu ba sa zama daidai komai gwanintar mai haɗawa. A yanka kwalin ya ɗan gaza wurin, a tsayar da shi a kan alama. Sai a ɗauki ɗan guntun katako, a jingina fensir a jikinsa, a ja shi yana bin bangon jirgi, fensirin na zana wannan lanƙwasa a kan kwalin. A yanke, a gwada, a rage, a sake gwadawa. Kwali goma su lalace ya fi allo ɗaya ya lalace. In ya zauna daram, sannan a kwafa a kan allo. Allon kuwa, ko dai a haɗa shi da ragowar siraran katakon nan a lulluɓe da faiba, ko a sayi filawud irin wanda aka yi don ruwa. Na silin da na durowa, damina ɗaya za ta ɓare shi falle-falle.

Na uku, a tuna jirgi tsukewa yake yi yana zuwa tsini, don haka bakin allon ba a miƙe za a bar shi ba, sai an ɗan fereye shi ya bi jikin jirgin. Kuma kada a buga shi da guduma don ya matse. Shamakin da aka cusa da ƙarfi yakan turo bangon jirgi waje, ya bar ƙulli, a nan ne tsaga ke farawa. A bar 'yar ƙofa siririya kewaye, gam ne zai cike ta.

Na huɗu, kafin a rufe komai, a shafe cikin ɗakin nan da efoksi, lungu da saƙo, a shafe allon gaba da baya, musamman bakinsa inda zarto ya bi, don ta nan katako ke shan ruwa. Wurin da za a rufe ba za a sake ganinsa ba, shi ya fi bukatar kulawa.

Na biyar, ɗauri. A dama efoksi da garin katako mai laushi har ya yi kauri kamar kwaɓin ɗanwake, wanda in an ɗaga bai zuba. A cika kusurwar da allo ya haɗu da jirgi, a bi da bayan cokali ya kwanta sumul. Sannan a ɗora tsirin zanen faiba a kai, a jiƙa shi da gam. Farin gam na kujeru ba shi da gurbi a wannan ɗauri, ruwa na taɓa shi yake sakewa. Kuma a dama kaɗan-kaɗan, don a zafin bazarar Zariya efoksi yakan ɗau zafi ya daskare a gwangwani tun ba a gama shafawa ba. A yi aikin da sanyin safiya, a inda iska ke shiga, da safar hannu.

Sai murfi. Shi ma da kwali ake fara shi. Amma ba a shimfiɗe yake ba, ɗan doro ake yi masa kamar bayan kunkuru, don ruwan da ya fantsamo ya gangare waje. A nan Bazazzagi ba ya bukatar malami daga nesa. Wanda ya taɓa ɗaga kai a tsohon ginin Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, ya ga yadda bakan gizo ke ɗaukar nauyin rufi. Haka za a yanka saman shamakin da ɗan lanƙwasa, a ƙara wata 'yar lanƙwasasshiyar sanda a tsakiya, murfin ya kwanta a kansu da kan leɓen jirgi. A manna da gam, in za a ƙara ƙusa a nemi ta tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Baƙar ƙusa tsatsa take yi, ta ci katakon da ke kewaye da ita, sai bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. A ƙarshe a bi da fenti, domin rana na cin efoksi in an bar shi tsirara.

Ga wani abu da masu koyo ke mantawa: ɗakin nan yana son ƙofa. Iskar da aka kulle takan kumbura in jirgi ya sha rana a tudu, ta motse in an tura shi ruwan sanyi. Yau da gobe sai ta buɗe ɗauri, ta zuƙo laima, laimar ta ruɓar da katako daga ciki ba wanda ya gani. Maganin ba tsada. A yanko wuyan jarka ko na ƙaramin duro mai murfin murɗawa, a dasa shi can sama a jikin shamaki, a like kewayensa. In an fito da jirgi a buɗe ya sha iska, in za a shiga ruwa a murɗe tam. Ta wannan ƙofa kuma a cika ɗakin da robobin lemo da aka ɗaure bakinsu, ko farin soson nan mai tauri da ke zuwa a kwalin firji. Ko dutse ya fasa goshin jirgi, su ba za su sha ruwa ba. A kiyaye abu biyu: soson katifa ruwa yake sha, nauyi zai ƙara, fetur kuma narkar da farin soso yake yi.

An gama? Saura gwaji. Mai faci ba ya mayar da tub cikin taya sai ya tsoma shi a ruwa ya duba kumfa. A shafa ruwan sabulu a kan ɗauri, a hura iska kaɗan ta ƙofar, inda ya yi kumfa nan ne ɓaraka. Daga nan a kai jirgin ruwan da bai wuce ƙugu ba, a ɗaure shi da igiya, a cika shi da ruwa da gangan. In ya tsaya a sama, gaba da baya daidai, mutum biyu sun rataya a jikinsa bai yi ƙasa ba, aiki ya yi. In wani gefe ya sunkuya, gara a gani yau da rana tsaka a gaban jama'a.

Na san wani mai jirgi a bakin Galma zai ce, "Malam, ni nawa na falanki ne, na gada, ina na ga kuɗin efoksi?" Kai ma ba a bar ka a baya ba. Nemi jarkoki huɗu masu lafiyayyen murfi, biyu a goshi, biyu a baya. Kafinta ya gicciya katako a kansu ya kafe, a ɗaure su da igiya mai ƙarfi a jikin jirgin. Ɗaurin shi ne magana, don jarkar da ba a ɗaure ba, ruwa na shigowa za ta taso ta kama gabanta ta bar ka. Kuɗin wannan bai kai na buhun taki ba.

Wani kuma zai ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Haka ne, babu mai ja da wannan. Amma Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, tun sama ba ta haɗa hadari ba ya sassaƙa jirginsa, mutane na wucewa suna yi masa dariya. Tawakkali da shiri tare suke tafiya.

Don haka kiranmu ga kafintocin birni, daga Kwarbai zuwa Unguwar Juma: a koyi wannan aiki, a koya wa yara masu koyon sana'a, kasuwa ce kuma lada ne. Masu jirgi, kada a ƙara mutum ɗaya a kan abin da jirgi zai iya, kada a yi fito da dare, a nemi rigar ruwa kamar yadda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ke ta nanatawa. Iyaye da malamai, kafin ku sa yara a jirgi ku leƙa goshinsa da bayansa, ku tambayi mai shi abin da zai riƙe shi in ya cika. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Kafin ruwa ya kawo ne lokacin gyara, ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya tsare mu a tudu da ruwa.

(Kiɗan rufe shiri)